Shekarar da Haruna Ya Mutu da Sunana

Kun daɗe kuna tambayata abin da ya sa katin shaidata da takardun shago suke ɗauke da sunan baffanku Haruna, alhali kowa a Agege Iliyasu mai firji yake kirana. Hadiza har ta taɓa ce mini wai ko laifi na yi na ɓoye. Ke dai Hadiza bakinki ba shi da birki, ban san inda kika samo shi ba, don uwarki ba haka take ba. Ban yi laifin da za a gudu ba, amma ba zan ce muku hannuna fes yake ba. Yanzu da gwiwa ta hana ni hawa tsani na samu zama, bari in rubuta muku yadda abin ya faru, kada ku je ku ji shi a bakin 'yan layi, kowa da gishirin da zai ƙara.

Ni da Haruna uwa ɗaya uba ɗaya muke, shekara ɗaya da 'yan watanni na ba shi. Tare muka koyi gyaran firji da esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, tare muka buɗe shago, gida ɗaya muke zaune da matanmu da mahaifiyarmu Inna. Kamarmu ta yi yawa. Tsayi ɗaya, goshi ɗaya, muryar ma in ɗaya ya yi sallama daga zaure sai mata su tsaya su saurara kafin su san mijin wa ya dawo. Bambancinmu a hali ne: ni mai saurin fushi ne, kun sani, shi kuwa da dariya yake gyara komai. Shekarar da soja suka koma bariki aiki ya buɗe mana. Sababbin masu mulki kowa yana son ofis mai sanyi, 'yan kasuwa kuma suna ta gina ɗakunan sanyi na ajiye kifi. A nan ne muka samu aikin da ya fi duk wanda muka taɓa yi, kula da injinan wani babban ɗakin sanyi na kifi a Apapa. Sharaɗinsu guda ne, babu mai taka ƙofarsu da akwatin aiki sai yana da inshora.

Mu ba mu taɓa yin inshora ba. A wajenmu wannan abin masu mota ne, takardar da ake nuna wa ɗan sanda. Muka je ofishin wani kamfani a cikin gari, wani mutum mai taye a wuya ya zaunar da mu ya yi mana bayani dalla-dalla. In ma'aikaci ya ji rauni a wurin aiki, za su biya asibiti. In ya mutu, za su ba iyalinsa diyya. In aikinmu ya jawo kifin mutane ya lalace, su za su ɗauka. Amma kai-kai ake biya, kuma duk wanda sunansa ba ya cikin takarda, ko ɗan uwanka ne, ba su san da zamansa ba. Da ya ji cewa injinan Apapa da gas ɗin amoniya suke aiki, wanda in ya ɓalle yake shaƙe mutum nan take, sai ya ja fom ɗin ya soke kuɗin da ya rubuta ya sa wani. Na mutum ɗaya a shekara ya kusa hayar shagonmu ta rabin shekara. Muka fito bakin titi muna kallon juna. Haruna ne ya fara magana.

"Yaya, a sa sunanka kai kaɗai. Kai ne babba, kai ka fi kusa da mutuwa."

"Ubanka ne ya fi kusa da mutuwa," in ji ni.

"Ai shi ya riga mu, Allah ya jiƙansa. To wa zai bambanta mu a hoto?"

Haka aka yi. Aka rubuta sunana, aka rubuta sunan uwarku Hajara a matsayin wadda za ta karɓi diyya, kamfanin kifi suka ba ni katin shiga mai hotona. Katin nan a kan ƙusa yake kwana a shago, duk wanda Apapa ta faɗo kansa a cikinmu sai ya zare shi ya sa a aljihu. Buzayen da ke gadin ƙofar sun gane mu sarai, amma ba su taɓa cewa uffan ba. Fiye da shekara muna haka, har na manta cewa wani abu muke ɓoyewa.

Ranar da abin ya faru, ni ne ya kamata in je. Wani abokina mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 aka yi wa haihuwa, na ce wa Haruna ya riƙe mini Apapa in je suna. Ban faɗa wa kowa a gida ba, don da sassafe na fita. Bayan azahar na sauko daga danfo, motar hayar nan, na shigo layinmu da ledar naman suna a hannu. Rana tsaka, zafi kamar a bakin murhu, amma layin shiru. Mai shayin bakin masallaci ya ɗago ya gan ni, sai kofin hannunsa ya faɗi. Wata Bayarabiya mai sayar da burodi, wadda kullum sai ta tsokane ni, ta ja da baya ta shige shagonta ta turo ƙofa. Na yi wa mutum uku sallama, babu wanda ya amsa. Suna dai kallon ƙafafuna. Sai da na matso ƙofar gidanmu na ji kuka, kuma a cikin kukan na ji ana kiran sunana, ana cewa Allah ya jiƙan Iliyasu.

Na shiga. Uwarku tana zaune a ƙasa a tsakar gida, ɗankwalinta ya zame, mata sun rirriƙe ta. Matar Haruna, Rakiya, ita ce ke shafa mata baya tana ba ta haƙuri. Da suka gan ni wuri ya yi tsit. Ba zan manta da fuskar Rakiya ba har in koma ga Allah. Ta dube ni, ta dubi ledar naman, na ga lissafin yana shiga mata a hankali. Hannunta yana kan bayan Hajara, ta ɗauke shi. Ba ta yi ihu ba. Cewa kawai ta yi:

"To wa ke can?"

Bututun amoniya ne ya fashe Haruna yana cikin ɗakin sanyin, ƙofar kuma ta rufe a kansa. Da aka fito da shi aka laluba aljihunsa aka ga kati, sai asibiti suka rubuta abin da suka gani, 'yan sanda ma haka, kamfani suka aiko gida da sunan da ke kan katin. Washegari da hantsi ni da Kawu Bala, ƙanen Inna, muka karɓo shi. An ɗaura masa wata 'yar takarda a wuyan hannu da sunana da na mahaifinmu a jiki. Ni na yanke ta da reza. Gas ɗin ya ɓata masa fuska, don haka da aka kawo shi gida ba a buɗe wa mata ba. Inna, wadda yanar ido ta riga ta rufe mata gani sai inuwa-inuwa take gani, ƙafarsa kawai ta taɓa ta bayan likkafani, ta janye hannu da sauri. Mai wankan ya ce mini shekara talatin yana wannan aiki bai taɓa taɓa jiki mai sanyi haka ba. A littafin maƙabarta ma sunana aka rubuta, don da takardar asibiti suke aiki, ni kuma a lokacin kaina ba ya tare da ni.

Ran sadakar uku manajan kamfanin kifi ya aiko a kira ni gefe. Maganarsa gajera ce. In mai katin ne ya mutu, inshora za ta biya diyya ta kuma biya kifin da ya lalace, kowa ya huta. In kuwa wani ne ya shiga da katin da ba nasa ba, inshora ba za ta ba da ko kwabo ba, su kuma dole su kai mu kotu a kan kifinsu. Ya ce shi bai ga komai ba, bai ji komai ba, takarda kawai ya sani. Rakiya tana da yara huɗu, ga ciki wata shida. Shago kuwa da ƙyar yake ciyar da gida ɗaya in babu hannun Haruna. Na samu Kawu Bala a zaure na faɗa masa.

"To me za ka gyara?" in ji shi. "Kai ka rubuta? Su suka rubuta abinsu."

"Kawu, ƙarya ce fa."

"Ƙarya ce. Marayu biyar kuma gaskiya ne. Sunan nan ci kake yi da shi? Bar musu shi a takarda, mu nan mun san ko kai wane ne."

Ban je na tambayi liman ba, don na san abin da zai ce, kuma ba na son in ji. Wannan ita ce gaskiyar magana. Na yanke shawara ni kaɗai cewa zan bar sunana a kabarin Haruna, 'ya'yansa su ci abinci. A lokacin gani nake abu ne na takarda kawai.

Wahalar ta fara ne da aka ce kamfanin inshora za su turo mai bincike ya ga matar mamaci da idonsa. Matar mamaci a takarda kuwa uwarku ce. Da na faɗa mata sai ta ajiye tsintsiyar hannunta ta dube ni.

"Malam, na yi kukanka sau ɗaya da gaske. Yanzu kuma in zauna takabarka kana tsaye a kaina?"

"Yini ɗaya ne, Hajara. Rabin yini ma."

"Ba ka tsoron bakin mala'iku?"

Na yi mata tsawa, abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce in tana da abin da za ta ciyar da 'ya'yan Rakiya ta fito da shi. Ranar da mutumin zai zo ta cire 'yan kunnenta da awarwaro, ta wanke kwallin idonta, ta ɗaura tsohon zane, ta zauna a tabarma a ƙofar ɗakinmu. Rakiya, mai takabar gaske, muka ce ta shige ƙuryar ɗaki ta rufe. Ku yara aka tura ku maƙwabta. Inna ce kaɗai ba mu faɗa wa komai ba. Tun ranar jana'iza ba ta cin abinci sai an matsa mata, ba ta fitowa, abu ɗaya take ta maimaitawa, wai Haruna bai mutu ba, ƙafar da ta taɓa ba tasa ba ce. Muka ɗauka tana ɗaki ba za ta ji ba.

Mai binciken ya iso wajen ƙarfe sha ɗaya. Wani dogon Bayarabe ne mai jakar fata, yana jin Hausa sosai, a Zariya ya ce ya yi karatu. Mutum mai ladabi, har takalmi ya cire. Ya zauna a kujera, ya yi wa Hajara ta'aziyya, ya fito da takardar shaidar mutuwa ya karanta da ƙarfi, sunana, sunan ubana, shekaruna, da ranar da na mutu. Ina tsaye a jikin bango ina ji. Wallahi duk da zafin ranar nan sai na ji sanyi yana hawowa daga tafin ƙafata. Hawaye suna zuba a fuskar uwarku, kuma ba na wasa ba ne. Can daga ƙuryar ɗaki sai kukan Rakiya ya ɓalle, irin wanda mutum ke toshe baki da zane amma ya fi ƙarfinsa. Mutumin ya ɗaga kai.

"Wace ce wannan?"

"Matata ce," in ji ni. "Sun shaƙu da marigayin."

"Kai ne wa?"

Sai a lokacin na lura labulen ɗakin Inna ya ɗaga. Tana tsaye a bakin ƙofa, ta dafa bango, ta karkato kunne. Na ga ta, mutumin kuma yana riƙe da biro yana jirana. Da na so, zan iya cewa a dakata, a mayar da tsohuwa ɗaki. Ban ce ba.

"Ni ne Haruna, ƙanensa."

Inna ta saki bangon. Ta tako a hankali, hannu a gaba, har ta iso inda nake. Ta shafa goshina, ta shafa kunnena, ta gangaro gemuna. Sai ta yi murmushi, murmushin da ban gani a fuskarta ba tun kafin rasuwar.

"Ai na faɗa musu," in ji ta. "Na faɗa musu ba kai ba ne."

Mai binciken ya ce, "Pele, Mama," wato sannu da Yarabanci, ya rubuta abin da zai rubuta, Hajara ta dangwala yatsa, ni na sa hannu a matsayin shaida da sunan ƙanena. Da yammar nan Inna ta ci tuwo malmala biyu.

Bayan wata bakwai kuɗin suka fito. Ko sisi bai kwana a ɗakina ba. Aka saya wa Rakiya injin niƙa, aka kama mata ɗaki biyu, 'ya'yanta duka biyar suka yi makaranta, kun ga dai inda suke yau. Ni kuma da aiki ya sake nema na da inshora, dole na yi ta da sunan Haruna, don Iliyasu ya mutu kuma an biya. Daga nan katin shaida ya bi, takardun shago suka bi. Uwarku ta yi wata uku ba ta haɗa ido da ni ba. Daga baya ta sauko, amma 'yan kunnen da ta cire ranar ba ta sake sa su ba, ta ba wata ƙanwarta.

Duk wannan da sauƙi. Inna ce abin. Na ɗauka ruɗewa ce ta kwana biyu, za ta dawo hayyacinta. Ba ta dawo ba, kuma a sauran al'amura hankalinta garau yake, ta san kuɗin cefane, ta san jikokinta ɗaya bayan ɗaya ta murya. Ni kaɗai ta sauya wa wuri. In na shiga gaishe ta da safe sai ta ce, "Haruna, ka tashi lafiya?" ta ajiye mini ƙosai irin yadda take ajiye masa. In na fita sai ta kira Hajara ta yi mata nasiha a kan haƙurin rashin miji. Ku sani ni ɗan fari ne, kuma Inna irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, "wannan" take cewa, ko "yayan Haruna". Ba ta taɓa zama ta yi hira da ni ba. To wata rana bayan la'asar ina tsakar gida ina kwance fankar wani firji, sai na ji muryarta ta taga, ta idar da salla tana addu'a.

"Allah ka jiƙan Iliyasu. Allah ka haskaka kabarin Iliyasu. Yaron nan bai taɓa saɓa mini ba, ni ce ban taɓa sakar masa fuska ba."

Shekara arba'in da ɗoriya ina duniya, ranar na fara jin sunana a bakin uwata. Sukudireba ta faɗi daga hannuna. Na zauna a ƙasa a wurin ina kuka kamar yaro, ba na son ta ji. Kullum bayan la'asar haka take yi, ni kuma, Allah ya yafe mini, sai na riƙa dawowa gida da wuri ina zama a gindin tagar. Haruna kuwa, wanda ke kwance a ƙasa da gaske, ko sau ɗaya bai samu addu'ar uwarsa ba. Wannan ni na hana shi, kuma babu kuɗin inshorar da ya biya shi.

Sau biyu na gwada faɗa mata. Na farko na durƙusa a gabanta na ce, Inna, ni ne Iliyasu, Haruna ne ya rasu. Ta ja da baya har ta bugi bango, tana neman tsari, ta ce kada in sake yi mata wasa da mamaci. Kwana biyu ba ta ci abinci ba. Na biyu Kawu Bala na kawo ya yi mata bayani tun daga kati har mai bincike. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Bala, tsufa ya fara taɓa ka." Daga nan na haƙura. Na ga in na ci gaba zan kashe mata ɗa a karo na biyu, kuma ba ni da ƙarfin zuciyar yin haka.

Shekara biyu ta yi a haka. Ciwon ajalinta bai daɗe ba, kwana tara ne. Ranar ƙarshe da hantsi ta ce a kira mata kowa. Ta yafe wa Hajara, ta yafe wa Rakiya, ta sa wa jikoki albarka. Sannan aka fita aka bar ni da ita. Ta laluba ta kama hannuna, nata ya yi sanyi, ba nauyi.

"Haruna, na yafe maka duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini."

Na ce na yafe. Na san in ban tambaya yanzu ba, babu sauran lokaci.

"Inna, Iliyasu fa? Shi ma ki ce kin yafe masa. Faɗi kawai, zai ji."

Ta girgiza kai a hankali a kan matashi.

"A'a. Wannan ba ta bakin wani ba. Ban taɓa yi masa magana ido da ido ba. Ai can za ni, zan faɗa masa da kaina."

Na ce, "Inna, don Allah." Na ce, "Inna, ga ni nan." Ta ɗan matse hannuna irin yadda ake lallashin yaro mai rigima, ta juya fuska wajen alƙibla ta fara salati. Kafin azahar ta cika. Ta tafi da yafiyata a bakinta, za ta kai wa wanda ba ya can, ni kuma ina zaune a gefen gadon riƙe da hannunta.